Yadda Maigidana Ya Ga Fuskar Babana

Har na yi haihuwar fari maigidana bai san kamannin babana ba. Ƙafafunsa ya sani. Da za a jera tsofaffin Gidan Sori duka a lulluɓe su a bar ƙafafu waje, da shi zai fara nuna na Baba, don ya san babban yatsan nan da ya karkace, ya san fason dunduniya, ya san takalmin fatar da aka ɗinke har ɗinki ya fi fata yawa. Amma daga gwiwa zuwa sama sai dai a ba shi labari.

Haka surukuta take a wajenmu. In ya hango Baba tafe sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gefen hanya, ya kafa ido a ƙasa kamar wanda allurarsa ta faɗi cikin yashi. Baba kuma ya kau da kai, ya amsa gaisuwa yana kallon wata bishiya. Ga sauran mazan garin wannan ba komai ba ne. Ga nawa mijin azaba ce, don shi Allah ya jarrabe shi da fuskokin mutane.

Mutumin Agiye ne, an turo shi koyarwa a lakol ɗin garinmu, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce masa kamar yadda ake ce wa malaman lakol, har ni. In ya tashi daga aji ba ya zuwa majalisa. Sai ya ɗauki gawayi da takardar buhun siminti ya zauna bakin kasuwa yana zana mutane. Ranar da ya fara ganina a rijiya ya kafe ni da ido har igiyar guga ta suɓuce mini, na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Sai bayan an ɗaura aure ya gaya mini, da zuciya ɗaya, wai girata ta hagu ce ta fi ta dama hawa, ita ya tsaya kallo. Na yi kwana biyu ba na sa masa yaji a miya.

Ban da zane yana sassaƙa. Kakansa a Gangara mai gyaran ƙorai ne, a wurinsa ya koyi riƙon wuƙa. Sai ya sami ƙwarya ya huda mata idanu, ya kafa mata hanci da ɗan tushen masara, ya manna mata gemu da gashin akuya, ya kifa a fuskarsa ya fito tsakar gida yana tafiyar wani mutum dabam.

“Wane ne wannan?” in ji shi daga ciki.

“Mahaukacin da aka ba ni,” in ji ni.

Shi dai cewa yake kowane mutum yana da fuskar da yake fita da ita da kuma wadda yake bari gida, kuma yana so ya gane wacce ce mai gidan, wacce ce baƙuwa. Ranar da innata ta ga ƙoran nan rataye a ɗakinmu ta ce ba za a yi salla suna leƙen mutum ba. Muka kwashe su muka kai tsohon rumbun da ke bayan gida, nan ya zama wurin aikinsa.

To, Baba Bagobiri ne na asali. Zanen fuskarsa ya tashi daga gefen baki ya baje har gindin kunne, kowane gefe. Duk wanda ya ga Mushe yana zane a kasuwa sai ya ce masa, “Ai ba ka yi komai ba in ba ka yi surukinka ba.” Sai ya dawo gida kamar zai yi kuka.

“Faɗa mini, zanen nan a ina ya tsaya? Ya hau kan goshi? Hancin fa, yana da doro?”

Na buɗe baki zan amsa, sai na tarar ban sani ba. Uban da ya haife ni, ni ce autarsa, a kan cinyarsa na girma, amma na kasa cewa hancinsa yana da doro ko babu. Mushe ya aike ni in je in gano masa. Na je na zauna gaban Baba yana tufkar igiya, na zuba masa ido.

“Auta, lafiya? Wani abu ya manne mini ne?”

Dariya ta ƙwace mini, na tashi da gudu. Da na dawo Mushe ya tambaye ni abin da na gani, na ce na ga Baba. Ya riƙe kai.

Ya gwada dabarar madubin keke. Ya jingine keken kusa da ƙofar masallaci, ya karkata madubin, ya juya baya yana jira a fito. Abin da ya samu shi ne rawanin liman da kunnen wani jaki.

Ana cikin haka sai ƙasa ta juya. Aka shiga sauraron babban taron ƙasa a rediyo, mutanen da a da ko sunan gwamnati ba sa kira da ƙarfi suka koma musu a bakin hanya. Jam'iyyu suka tsiro, kowacce da kalar tutarta da mawaƙanta. Malaman lakol kuma yau yajin aiki, gobe a koma, jibi a sake rufewa, har yara suka manta hanyar aji. Mushe ya sami lokaci fiye da buƙatarsa.

Shi Baba mutum ne da maganarsa ta yini guda ba ta cika ludayi ba. “To.” “Madalla.” “A kai wa tumaki ruwa.” Da waɗannan muka girma. Wata ranar kasuwa wasu ƴan jam'iyya suka zo da mota suka yi mitin gindin tsamiya, wani saurayi mai tabarau ya yi ta bayani a kan manoma. Da ya gama aka ce ko akwai mai tambaya. Sai aka ga Baba ya miƙe. Aka miƙa masa makirfo ya ture shi. Ya fara da maganar rijiyar unguwarmu da ta rufta, ya wuce kan irin wake da ke zuwa bayan an gama shuka, ya gangara kan burtalin da aka cinye da gonaki, ya dawo kan rijiya. Mutane suka yi tsit, can suka ɓarke da tafi. Kafin motar nan ta bar gari an riga an roƙe shi ya riƙa yi musu magana a ƙauyuka.

Da labari ya iso gida innata ta ajiye muciya ta ce, “A ina ya ɓoye ta duk shekarun nan?”

Ni ina gidana ina ba jaririya nono sai ga Mushe ya faɗo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

“Na gan shi! Na gan shi!”

“Wa?”

“Baba! Yana da doro! Hancin yana da doro!”

Ya ɗauki jaririyar ya zaga tsakar gida da ita yana rawa, kaji suna watsewa. Sai da ya yi haki ya zauna ya yi mini bayani. A wurin mitin kowa mai magana yake kallo. In ka sunkuyar da kai ma shi ne rashin ladabi. Saboda haka ga hanya Allah ya buɗe, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya.

Daga ranar ba mitin ɗin da Baba zai yi Mushe bai je ba. In ƙauyen kusa ne ya tafi da keke, in da nisa ya maƙale a bayan amalanken ƴan kasuwa. Baba ya hau bisa amalanke yana magana, Mushe yana tsakiyar taro baki sake, ido bai ƙiftawa, hannunsa cikin aljihu yana murza ɗan curin yumɓu. Ya dawo da yamma ya zube a rumbu yana zana abin da ya gani kafin ya gudu masa. Yau kunne, gobe yadda zanen ke tattarewa in Baba ya ce “rijiya”. Duk aljihunan rigunansa suka zama ja, na gaji da wanki.

Abin dariyar shi ne jam'iyyar da Baba yake yi wa magana ba ita Mushe yake so ba. Shi da abokan aikinsa wata suke bi, har taro suke yi a gidan daraktan lakol, wato shugaban malamai. Rannan daraktan ya zo har ƙofar gidanmu, ina jin su ta bayan danga.

“Mushe, an ce ka sauya riga.”

“Ban sauya ba.”

“To me kake yi a gaban amalanken can kullum, baki buɗe?”

Can na ji mijina ya ce, “Hanci nake kallo.”

Daraktan ya tafi bai yi sallama ba. Ni kuwa na cusa bakin zane a bakina har hawaye.

Shi ma Baba daga bisa amalanke yana ganin komai. Ya gaya wa innata, ita kuma ta gaya mini, wai duk ƙasar nan ba mai gane maganarsa kamar yaron nan na Auta. Wasu suna tafi, wasu suna cin gyaɗa, shi kuwa ko motsi ba ya yi. Ya aiko masa da hula mai kalar jam'iyya. Hular suruki ba a mayar da ita, ba a ajiye ta a akwati. Mushe ya sa ta, in ya hango abokan aikinsa ya cire ya tura a hammata, in ya hango Baba ya mayar.

Wata rana Baba ya ce mini, yana kallon gefe, “Tambayo mini shi, cikin maganar jiya wane wuri ya fi shiga ransa.”

Na tambayo. Mushe ya yi tunani sosai ya ce, “Wurin da ya ɗaga gira ya sauke leɓe.”

“Me yake cewa a lokacin?”

“Cewa? Wallahi ban ji ba.”

Na koma na ce wa Baba wurin maganar rijiya ne. Ya gyaɗa kai ya ce dama ya sani.

Sau ɗaya na bi matan unguwarmu zuwa mitin, da goyo a bayana, don in ga abin da ake ta faɗa. Muka tsaya can baya. Da aka ce ga shi nan zai hau, na ɗaga kai na ga wani dogon tsoho ya miƙe bisa amalanke, idanunsa suna walƙiya, zanen fuskarsa yana buɗewa yana rufewa, hannunsa yana yanka iska. Rigar babana ce, hular babana ce. Na daɗe ina kallo kafin zuciyata ta yarda shi ne. Mata suna guɗa, ni ma na buɗe baki zan yi, sai na ji hawaye sun riga ni. Ban san na me ba ne. A hanyar dawowa na yi ta dariya ni kaɗai har wata ta tambaye ni ko rana ce ta buge ni.

Da kaka ta wuce Mushe ya ce ya gama tarawa. Ya ɗebo yumɓu daga bakin gulbi, ya kwaɓa, ya shige rumbu. In na kai masa fura sai ya miƙo hannu kawai ta ƙofa. Da abin ya bushe ya naɗe shi cikin tsumma ya kai wa tsohuwar da ke gina tukwane a unguwar gabas, ya roƙe ta ta gasa masa tare da nata. Ta buɗe tsumman ta leƙa, ta rufe da sauri. Ta ce za ta gasa, amma kife za ta sa shi, don ba za ta hura wa maƙwabcinta wuta yana kallonta ba.

Ranar da ya dawo da shi ya kira ni bayan gida ya yaye tsumman. Na ja da baya. Baba ne, ja wur kamar sabon tulu, da ɗan baƙi a kumatu ɗaya inda wuta ta lasa. Baki a buɗe, gira a sama, zanen ya baje. Kamar in ka ƙara jira kaɗan za ka ji ya ce “rijiya”. Ban san lokacin da na gyara ɗankwalina ba. Mushe ya ga na gyara, ya yi tsalle ya buga kai da bakin rumbu.

Muka yi shawara ba wanda zai sani. Aka ajiye shi cikin rumbu, bisa ƴan dammunan hatsin da muke da su.

Asirin bai daɗe ba. Wata safiya na tafi rijiya, Mushe yana bakin kasuwa, innata ta zo aron rariya. Ba ta same ni ba, ta shiga nema da kanta, har ta kai bayan gida ta tura kai cikin rumbu. Ina shigowa da tulu a kai na ji salati mai ƙarfi. Na tarar da ita zaune daɓas a ƙasa, hannu a ƙirji. Na ce shi ke nan, yau aurena ya mutu. Ta sake leƙawa, ta dawo da kai, sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har ta kwanta a gefe, tana share hawaye da bakin mayafi.

“Wannan na mitin ne,” in ji ta da ta samu numfashi. “Nawa ba ya buɗe baki haka.”

Na roƙe ta don Allah kada ta faɗa. Ta ce ko da wasa. Kafin azahar ta faɗa.

Washegari da hantsi muka ji sallama a ƙofar gida. Muryar Baba ce, shi da tun da aka kawo ni bai taɓa tako gidan nan ba. Mushe ya dubi danga, na ga yana auna tsawonta, na riƙe masa riga. Na shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya. Baba ya zauna, Mushe ya durƙusa can nesa, goshinsa kamar zai taɓa ƙasa. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi gajiya da iyali da tumaki.

“Auta,” in ji Baba, “ɗauko mini abin.”

Na ɗauko na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa ya bi zanen yumɓun daga baki zuwa kunne, sannan ya kai yatsan kan nasa kumatun ya bi. Ya taɓa doron hancin, ya taɓa nasa.

“Ba a yi mashi sujada dai ko?”

“Subhanallahi, Baba,” in ji Mushe daga ƙasa.

“To.” Ya sake kallo. “Auta, haka nike?”

“Haka kake, Baba, in kana bisa amalanke.”

“Ashe tsoro ke sa su yi mini tafi.”

Na ga wani tunani ya shigo masa, girarsa ta fara hawa.

“Tsaya. Wato duk bibiyar da yaron ga ke yi mini ƙauye ƙauye, wanga abu yake yi?”

Bai jira amsa ba, ya ƙara:

“Maganar fa? Yana ji?”

Mushe ya ƙara nutsewa. “Baba, a gafarce ni.”

“Ko kalma guda?”

“Ko guda, Baba.”

Na yi iyakar ƙoƙarina. Na ciji leɓe, na tuna mutuwa, na tuna ranar da kunama ta harbe ni. Ba abin da ya yi amfani. Dariyar ta fito ta hanci da wata irin ƙara kamar ta tinkiya. Baba ya juyo ya harare ni, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya faɗa kan fuskar yumɓun da ita ma ta buɗe baki daidai irin nasa. Nan ya karye. Ban taɓa jin babana ya yi dariya da murya ba sai ranar. Yana yi yana buga gwiwa yana cewa, “Har hula na ba shi! Hula!” Mushe kuwa yana durƙushe, bayansa yana girgiza, ba a san kuka yake ko dariya ba.

Da aka lafa Baba ya share ido ya gyara zama.

“Uwar yaran nan ta ce wanga ba nata ba ne. To a yi mata nata. Ga ni zaune. Mushe, kalle ni.”

Mushe ya fara ɗago kai. Ya wuce gwiwa, ya kai ciki, ya kai aljihun gaba, nan wuyansa ya ƙi. Zufa ta karyo masa. Ya sauke ya sake farawa, ya kai maɓallin wuya, ya dawo. Na juya in ga Baba, sai na tarar shi ma ya karkatar da kai yana nazarin ganyen dalbejiya. Mai cewa a kalle shi ya kasa tsayawa a kalle shi. Maza biyu manya, ɗaya yana kallon tururuwa, ɗaya yana kallon sama, ni a tsakiya ina fama da danne dariya.

Cikin kallon saman ne idon Baba ya kai ƙofar rumbu, inda wata fuskar ƙwarya take rataye, mai dogon hanci da gemun akuya.

“Mine ne wancan?”

Na ce irin abin da Mushe yake sassaƙawa ne, ana kifawa a fuska.

“Shi sa ta. In ya sa ai ba shi ba ne.”

Na ɗauko na ɗaura wa mijina, na ƙulle igiyar a ƙeya. Ya zauna jim. Sannan ƙwaryar ta ɗago a hankali, ta wuce aljihu, ta wuce wuya, ta tsaya cak a kan fuskar Baba. Shi ma Baba ya sauko da ido ya dubi ƙwaryar hankali kwance, don ba surukuta tsakaninsa da ƙwarya.

“Sannu da zuwa,” in ji Baba.

“Yawwa, sannu tsoho,” in ji ƙwarya, da wata murya mai kauri da ban san mijina yana da ita ba.

Na zube a ƙasa.

Haka aka fara. Kowace safiya in Baba ba shi da mitin sai ya zo ya zauna gindin dalbejiya, ƙwarya ta fito daga rumbu da gawayi da takarda. Kuma ƙwaryar nan ba ta da kunya ko kaɗan. Ta ce masa juya nan, ya juya. Ta ce cire hula, ya cire. Ta tambaye shi wa ya yi masa zanen, ya ba ta labarin wanzamin gidansu, da kakarsa da ta ce a ƙara masa don kada ya ɓata a kasuwa, da yayansa da suka yi kama har uwarsu takan ruɗe, wanda ya tafi kudu cin rani tun suna samari bai dawo ba. Ni da nake ɗiyarsa ban taɓa jin ina da wannan baffan ba. Ina daka ina kasa kunne. Wani lokaci ya yi nisa cikin labari sai ƙwarya ta ce, “Tsoho, rufe baki kaɗan, leɓe nake yi.” Ya rufe. Har tsokanarsa take yi, wai Gobirawa don kada a manta da su ne suke rubuta kansu a fuska. Shi kuma ya ce ai gara su, wasu sai sun ari ƙwarya kafin su yi magana. Maƙwabta suka riƙa leƙe ta danga, innata ta riƙa samun dalilin zuwa aron abubuwan da take da su a ɗakinta.

In an gama Baba ya tashi ya fita, Mushe ya kwance ƙwarya fuskarsa sharkaf da zufa. In suka haɗu a hanya da la'asar, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa kamar kullum, Baba ya amsa yana kallon gefe. Ba wanda ya taɓa ambaton zaman safe.

Aka yi zaɓe. Mutumin da Baba ya yi wa magana bai ci ba. Ya ji sakamakon a rediyo ya ce, “To,” ya tashi ya kai wa tumaki ruwa. Daga ranar maganar ta koma inda ta fito, ba a sake ganinsa bisa amalanke ba sai in zai kai taki gona. Lakol ta buɗe sosai, daraktan ya huce da ya ji labarin, har ya zo ya ga abin da idonsa.

Fuska ta biyu ta fito daga wuta baki a rufe, fatar ido ɗaya ta ɗan sauka, kamar yadda Baba yake in yana tufka yana sauraron hirar mata yana yi kamar ba ya ji. Aka kira innata. Ta dube ta, ba ta yi dariya ba. Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta kamar amarya, ta juya ta tafi. Ta ce ba za ta ajiye a ɗakinta ba, mu riƙe.

Bayan damina aka mayar da Mushe wata lakol a wajen Gangara. Muka ɗaure kaya, fuskokin biyu muka naɗe su cikin tsofaffin zannuwa muka sa a buhu guda, na rungume shi a cinya cikin motar haya. Mun kusa Agiye aka tsayar da mu a shinge. Wani jandarma ya leƙo ya ce me ke cikin buhun. Na ce kayan yumɓu ne, a yi hankali kada su fashe. Ya ce a buɗe. Ya tura hannu ya yaye zane, sai ga Baba baki buɗe yana kallonsa. Jandarman ya yi baya har hularsa ta faɗi. Ya dawo ya yaye ɗayan zanen, ga Baba kuma baki rufe.

“Wane ne wannan?”

“Surukina ne,” in ji Mushe.

“Wannan fa?”

“Shi ne dai.”

Jandarman ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi Mushe. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Sannan ya sassauta murya ya tambaya ko ana yi wa wanda ba shi da zane a fuska. Mushe ya riga ya fara kallon haɓarsa. Kafin in ce wani abu ya tsallake buhunan wake ya sauka da gawayi a hannu, jandarma ya zauna bisa benci ya miƙe wuya ya haɗe rai. Direba yana ta danna oda, wata tsohuwa tana cewa kajinta za su mutu, ɗiyata tana tafi a bayana. Sai da rana ta karkata muka shiga Agiye.